Motar Laddie

Injin ya mutu ran Talata, a kan hanyar Schuyler,
shekara biyu cif bayan mai shi.
Ya yi tari sau uku, ya tofar da baƙin mai,
ya yi shiru tsakanin gonakin masarar Nebraska.
A-kori-kurar babana ce, ƙirar saba'in da biyu,
shuɗiya a da, yanzu launin tsatsa da haƙuri.

Orval Pokorny ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo
kamar likitan da ya riga ya san amsa.
Ya ce, "Marlys, gangar jiki lafiya lau.
Zuciya za a sake. Biyu gare ni, ki zaɓa."

Na farko yana kwance kan tsohuwar taya a lungun gareji,
ƙato, silinda takwas,
kowace ta isa ka zura dunƙulen hannu.
Baƙin ƙarfe zalla, nauyin ɗan maraƙi.
Ba ya neman izinin kwamfuta.
Sifana, filogi da kunne mai ji, ka gama da shi.
Sai dai ci. Galan guda, mil tara,
shi ma in ya tashi da fara'a.

Na biyu ƙarami, an ciro shi daga motar da ta bugi barewa,
turbo a kwiɓinsa, naɗe kamar dodon koɗi,
yana cin hayaƙin kansa ya mai da shi ƙarfi.
Wayoyi kamar saƙar gizo-gizo.
Ka taka totur, ya ɗan yi tunani,
sannan ya fizge ka.

Yayana Vern ya bugi teburin kicin, cokula suka amsa:
"Giwa ba ta tafiya da zuciyar zomo!
Motar nan ta ja tirelar shanu cikin dusar ƙanƙara,
ba ta taɓa fito kamar butar shayi ba."
'Yata Joleen ko kai ba ta ɗaga ba:
"Kawu, kai za ka riƙa biyan kuɗin man?
Ni zan hau da ita duwatsun Colorado,
inda iska ke sirancewa.
Ƙaton naka haki zai yi, kamar tsoho a matakala."

Da dare na shiga motar ni kaɗai, na rufe ƙofa.
Warin tabarsa yana nan cikin kujera,
safar hannunsa guda, ta hagu, a ƙarƙashi.
Tun daga mil guda muke sanin ya taho:
gilashin taga ya kama rawa,
Mama ta ɗora kofi a wuta,
kare ya zabura bakin shinge.
Da kunnensa ya tafi, a shekarun ƙarshe,
tafin hannu yake ɗorawa kan bonet
ya ji ruri ta ƙashinsa.

Ashe ba ƙarfi na zo saye ba.
Ƙara nake so in saya,
in ji ta a ƙarshen hanya in ce ga shi nan tafe.
Wannan kuwa Orval ba ya sayarwa.

Da safe na ce a sa ƙaramin.
Vern ya yi mako uku ba ya ɗaukar wayata.

Ranar da aka tayar da ita, sai ta yi fito,
siririn fito, mai tsabta, baƙo.
Rudy, karen Baba, yana kwance a inuwar rumbu,
ko kunne bai motsa ba.
Wannan ya fi shirun Vern yi mini ciwo.

Joleen ta tafi da ita cikin Agusta,
ta dawo a Oktoba, ta sake dawowa.
Jiya da dare, kankara ta rufe hanya,
ina wanke kwanuka, ban ji komai ba,
ban ga ko hasken fitila ba,
sai ga Rudy a bakin ƙofa, yana karta,
wutsiya tana dukan katako.

Tsohon ya riga ni koyo.